Amsa ga Kawu a Kano: yadda ake zama mai tsaron bayan fili a wasan besbol

Kawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tambayoyinku sun iso, kuma idan aka dunƙule su uku ne: wane irin wasa ne wannan da jikokinku na Bronx suke turo hoto riƙe da sanda da ƙatuwar safar fata, me ya sa ake tura yaro can ƙarshen fili ya tsaya shi kaɗai a cikin ciyawa, sannan da gaske ne ana cin abinci da shi har a yi arziki. Mu Hausawan da muke zaune a wannan yanki na New York, na Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Accra da Kumasi, ba mu taso da besbol ba. Amma filin Yankees, babban kulob ɗin besbol na nan, yana kan titi na 161, jirgin ƙasa mai lamba 4 ta gefensa yake wucewa, maƙwabtanmu kuma 'yan Jamhuriyar Dominika ne waɗanda wasan nan yake jininsu. Dole yaranmu su shiga, dole mu ma mu san kansa.

Ƙungiya biyu ce, mutum tara-tara. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro, sai su yi musanya, har zagaye tara. A cikin fili akwai tashoshi huɗu a kusurwa huɗu, tsakanin kowace da ta gabanta ƙafa 90, wato mita 27 da 'yan kai. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo mai nauyin giram 145 ko kusa da haka, ɗinkakkiya da fata, mai taurin gaske. A babbar gasa gudunta yakan kai kilomita 150 a awa, ta iso kafin rabin daƙiƙa. Idan mai bugu ya same ta sai ya yar da sanda ya ruga tashar farko. Wanda ya zagaye huɗun ya dawo inda ya tashi ya ci maki ɗaya. Masu tsaro kuwa nema suke su fitar da mutum uku su karɓi sanda: ko mai jifa ya kuɓuce wa mai bugu sau uku, ko a cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, ko a riga mai gudu kai ta tashar da ya nufa. Wadda ta haye katanga ita ce hom-ron, babu mai iya komai a kanta.

Shida daga cikin masu tsaro suna ciki, kusa da tashoshin. Ukun da suka rage su ne na bayan fili: na hagu, na tsakiya, na dama. A takardar lissafin wasa lambobinsu 7, 8 da 9. A wasan ƙananan yara gaskiyarku ne, Kawu, akan tura yaron da bai iya ba zuwa dama, don ƙwallo ba ta cika zuwa can ba, shi ya sa wasu iyayenmu suke jin haushi idan suka ga nasu a wurin. Amma daga shekara 14 zuwa sama, da yara suka fara buga ƙwallo da ƙarfin manya, lamarin ya juye. A filin Yankees katangar tsakiya ƙafa 408 ce daga mai bugu, kusan mita 124. Ta hagu 318, ta dama 314. Mutum uku ne za su rufe duk wannan sarari.

Aikin ba ɗaya ba ne. Na tsakiya shi ne mafi gudu kuma shi ne shugaba: duk ƙwallon da ya yi ihu ya ce tasa ce, na hagu da na dama dole su janye. Na dama ana nema masa damtse mai ƙarfi, saboda jifansa zuwa tasha ta uku shi ne mafi nisa a filin. Roberto Clemente na Pittsburgh, wanda ya rasu a haɗarin jirgi ranar 31 ga Disamba 1972 yana kai agaji ga mutanen Nikaraguwa da girgizar ƙasa ta shafa, har yau da jifansa ake auna na dama, kuma akwai wurin shaƙatawa mai sunansa a nan Bronx, a bakin kogin Harlem. Na hagu jifansa gajere ne, don haka sau da yawa nan ake ajiye wanda ya iya bugu amma tsaronsa ba wani abin a zo a gani ba ne.

Abin da ido ba ya gani daga talabijin shi ne takun farko. Kafin mai jifa ya saki ƙwallo, mai tsaro ya riga ya ɗan ɗaga dunduniyarsa ya tsaya a kan yatsu, don ƙafar da take kwance a ƙasa tana ɓata lokaci. Yana kallon inda mai cafka, wato wanda yake tsugune a bayan mai bugu, ya ajiye safarsa, ya san ko ciki za a jefa ko waje, ya san ɗabi'ar mai bugun daga ɗan katin da kulob ya rubuta masa yana aljihunsa. Da sanda ta haɗu da ƙwallo, ƙarar ma tana gaya masa wani abu: ƙara mai kauri ta nufi nesa, mai rauni za ta faɗi kusa. Ƙa'idar da ake koya wa yaro tun farko ita ce, idan ba ka tabbata ba, takun farko baya ake yinsa. Dalili a bayyane yake. Wadda ta faɗi a gabanka tasha ɗaya za ta ba mai gudu. Wadda ta wuce ta kanka ta gangara katanga, biyu ce ko uku.

Kuma ba a ja da baya da baya. Wanda ya yi haka zai harɗe ya faɗi, in ma bai faɗi ba gudunsa ya ragu. Ana janye ƙafar da ke ɓangaren ƙwallon ne, a buɗe ƙugu, a juya a yi gudu sosai ana kallon ta ta saman kafaɗa. Gwanaye kan ɗauke ido gaba ɗaya, su ruga inda suka ƙiyasta za ta sauka, sannan su waiwaya su same ta. Gudun ma a kan yatsu ake yinsa, domin wanda yake dira a kan dunduniya kansa yana girgiza, sai ya ga ƙwallon tana tsalle a sama alhali idonsa ne yake rawa. Ba a miƙa safa tun daga nesa. Hannu biyu ake gudu da su, sai a taku biyu ko uku na ƙarshe a miƙa.

Ƙwallon ba ta tafiya a miƙe. Juyin da sanda ta ba ta yana karkatar da ita zuwa layin gefe, musamman idan mai bugu da dama ya tura ta dama, ko bahago ya tura ta hagu: tana tafe tana guje wa mai binta. Wadda ta fi kowace wuya ita ce wadda aka bugo a miƙe ƙasa-ƙasa ta nufo ƙirjin mutum, don babu gefen da zai auna ta da shi, ba ya iya gane ko za ta nutse ko za ta tashi sai ta kusa. Ga rana, ga fitilun dare, ga iska. Ana sa tabarau, ana shafa baƙi a ƙarƙashin ido, ana ɗaga safa a tare rana, a karkata jiki a kalli ƙwallon ta gefe. Duk da haka manya ma tana ɓace musu, sai ka ga ƙato ya dunƙule ya rufe kansa da hannu.

Katanga kuwa tana da nata sharrin. Kafin a kai gare ta akwai zirin jar ƙasa mai faɗin ƙafa 15 ko kusa da haka. Mai gudu idonsa yana sama, ƙafarsa ce za ta ji ciyawa ta ƙare, ya san saura taku uku ko huɗu, ya miƙa hannun da babu safa ya lalubi katangar. Kowane fili da irin tasa. Ta hagu a Boston tsayinta ya haura ƙafa 37, ƙwallo tana dukanta ta dawo, baƙon ɗan wasa yakan bi ta har gindi ta yi tsalle ta wuce shi ta koma inda ya baro. Shi ya sa kafin wasa za ku ga koci yana buga wa na bayan fili ƙwallo a jikin katanga, suna nazarin yadda take dawowa. Haɗari na biyu shi ne karo. A watan Agustan 2005 Carlos Beltrán da Mike Cameron na Mets, ɗaya kulob ɗin New York, suka bi ƙwallo ɗaya a San Diego, duka biyun 'yan tsakiya ne a asali, babu wanda ya saba janyewa, suka yi tsalle suka haɗu fuska da fuska. Cameron ya karye ƙasusuwan fuska, bai sake wasa a shekarar ba. Saboda irin wannan ne koci yake hukunta yaron da ya cafe ƙwallo bai yi ihu ba, ko da ya cafe ta da kyau.

Bayan cafka sai jifa, kuma a nan yara suka fi yin ɓarna. Ana tarar ƙwallon ana tahowa gaba, a ɓangaren hannun jifa, a yi ɗan tsalle a tattara ƙarfin jiki, yatsu biyu a gicciye a kan ɗinki don ta tafi a miƙe, a sako hannu ta saman kai. Wanda ya jefa ta gefe, kafin ta yi mita 60 ta kauce. Sannan ba a cilla ta sama don a nuna ƙarfi. Ɗaya daga cikin 'yan ciki yana fitowa ya tsaya a tsakiyar hanya, a daidai kansa ake jefawa, in ya ga an makara ya tare ta ya juya wa wani mai gudun, in bai makara ba ya bar ta ta wuce. Yaron da ya tsallake wannan mai tarba yana son ya burge 'yan kallo ya ba sauran masu gudu tasha kyauta. Kuma kowace ƙwallo da aka buga, ko ba wajensa ta zo ba, akwai inda zai ruga ya tsaya a bayan wani, ko da jifa zai kuɓuce. Wanda kuke gani a hoto yana tsaye, idan yana aikinsa daidai, bai taɓa tsayawa ba.

To amma ga abin da ya kamata ku riƙe, don iyayenmu da yawa a nan ba su gane shi da wuri ba. Duk wannan gwaninta ba ita take ba mutum aiki ba. Sanda ce. Masu farautar 'yan wasa abu biyar suke aunawa, kowanne da maki daga 20 zuwa 80, 50 shi ne matsakaicin ɗan babbar gasa: yawan samun ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, tsaro, da damtse. Gudu da agogo ake auna shi a yadi 60, wanda ya yi ƙasa da daƙiƙa 7 ya shiga lissafi. Yaranmu da yawa suna da gudu. Amma na hagu da na dama, idan ba sa fitar da ƙwallo waje, babu kulob ɗin da zai riƙe su. Na tsakiya kaɗai ake yi wa ɗan sassauci. Kuma bugun ya fi ƙarfin wasa: wanda yake samun nasara sau 3 cikin 10 gwani ne na ƙasa baki ɗaya. A yawancin makarantun Amurka da sandar ƙarfe ake bugu, mai yafiya ce, ko gefenta aka samu ƙwallo za ta tafi. Ta katako da ƙwararru suke amfani da ita, in ba a daidai cikinta aka samu ba, sai ta karye ko ta girgiza hannu. Yara da yawa da suka yi suna a sakandare a nan suka tsaya. Wasu kuma sai ranar da suka gamu da mai jifan da yake lanƙwasa ƙwallo, ta taho kamar za ta doki kafaɗa sannan ta faɗo cikin gurbi, wato ɗan sararin da ke gaban mai bugu inda ake so jifa ya bi.

Sunan da kuka ji a bakin yara, Aaron Judge, shi ne kyaftin ɗin Yankees, mai tsaron dama, kuma hanyarsa ta isa misali. An haife shi a 1992, ya girma a wani ƙaramin gari mai suna Linden a Kalifoniya, a hannun ma'aurata malaman makaranta da suka karɓi riƙonsa yana jariri. Tsayinsa mita 2 da ɗan ɗori, nauyinsa ya kusa kilo 130. A sakandare wasa uku ya yi. A 2010 kulob ɗin Oakland ya zaɓe shi a zagaye na 31 na zaɓen sababbin 'yan wasa, ya ƙi sa hannu, ya tafi jami'ar jiha da ke Fresno ya yi shekara uku. A 2013 Yankees suka ɗauke shi na 32 a duk ƙasar, suka ba shi dala miliyan 1.8 kuɗin sa hannu. Bai buga ko wasa ɗaya ba a shekarar, naman cinyarsa ya yage a atisaye.

Daga nan sai ƙananan gasa, inda ake tace mutane. Kowane kulob daga cikin 30 yana da ƙananan ƙungiyoyi a matakai huɗu, ban da sansanin 'yan koyo. Judge ya yi 2014 a Charleston da Tampa, 2015 a Trenton da Scranton. Rayuwa ce ta doguwar tafiya a bas, wasa kwana shida a mako, da albashin da kafin 2023 bai kai na mai wanke kwanuka a gidan abinci ba: dala 11,000 a shekara a ƙananan matakai. Bayan 'yan wasan sun shiga ƙungiyar ƙwadago aka ɗaga shi, mafi ƙaranci ya koma kusan dala 26,000 a mataki na ƙasa, kusan 36,000 a na sama. Kada ku canza shi zuwa naira, Kawu, a nan kuɗin haya kaɗai ya isa ya cinye shi. A zaɓen yanzu zagaye 20 ne, kimanin mutum 600 a shekara, kuma mafi yawansu ba za su taɓa taka babban fili ba. Kowane kulob mutum 26 yake riƙewa, na bayan fili huɗu ko biyar ne a cikinsu. Ku lissafa guraben duniya baki ɗaya, ba su wuce 150 ba.

Ranar 13 ga Agustan 2016, yana da shekara 24, aka kira shi Bronx. Tsayuwarsa ta farko ya buga hom-ron. Sai masu jifa suka gano raminsa: dogon mutum gurbin jifansa yana da faɗi, hannunsa yana da tsawo, ƙwallon da ta lanƙwashe ƙasa ta waje yana binta yana dukan iska. A tsayuwa 84 an fitar da shi sau 42 bai taɓa komai ba, rabi cur, sannan ciwon haƙarƙari ya ƙare masa shekarar. Da hunturu ya sake fasalin bugunsa, ya koyi ajiye nauyi a ƙafar baya da ƙyale ƙwallon da ba tasa ba. A 2017 ya buga hom-ron 52, abin da sabon ɗan wasa bai taɓa yi ba a lokacin. Albashinsa a wannan shekarar bai kai dala 550,000 ba.

Wannan ba rowar Yankees ba ce, tsari ne. Kwana 172 a jerin babban kulob shi ne shekara ɗaya ta aiki. Shekara uku na farko kulob ne yake yanka albashi, kusa da mafi ƙaranci, wanda a 2025 dala 760,000 ne. Daga uku zuwa shida akwai damar kai ƙara gaban masu sasanci, kowa ya faɗi adadinsa su zaɓi ɗaya. Sai an cika shida mutum yake mallakar kansa, ya sayar da aikinsa ga wanda ya fi tayi. Wanda ya shigo a 24 ba zai ga wannan rana ba sai ya kai 30, lokacin da ƙafa ta fara nauyi. Kafin kakar 2022 Yankees sun yi wa Judge tayin dala miliyan 213.5 na shekara bakwai, ya ƙi, kuma kasada ce babba ga mutumin da ya karye wuyan hannu a 2018, ya sake jinya a 2019 da 2020. A shekarar ya buga 62, ya karya tarihin Roger Maris na 61 da ya tsaya tun 1961 a ɓangaren gasarsu. A Disamba ya sa hannu a kan miliyan 360 na shekara tara. Wannan adadin ne ya iso muku Kano. Shekara tara da rabi ke nan bayan an zaɓe shi, kuma haraji da wakilinsa suna kwashe kaso mai tsoka.

Ko bayan nan fili bai bar shi ba. A Yunin 2023 a Los Angeles ya bi ƙwallo ya cafe ta ya faɗa ƙofar katanga, babban yatsan ƙafarsa ya doki dandamalin siminti na ƙasa, jijiya ta yage, ya yi kusan wata biyu ba ya wasa, kulob ɗin bai kai gasar Oktoba ta neman kofi ba. A 2024 aka mayar da shi tsakiya, ya yi shekara guda ba a rubuta masa kuskure ko ɗaya ba. A wasa na biyar na ƙarshen gasa da Dodgers na Los Angeles, Yankees suna gaba da 5 da babu, a zagaye na biyar ƙwallo mai sauƙi ta zo masa ta doki safarsa ta faɗi. Masu sharhi da yawa sun ce ya saci kallon mai gudu kafin ta shiga hannu, kuskuren da ake yi wa ɗan shekara goma faɗa a kansa. Dodgers suka ci biyar a zagayen, suka ƙare da 7 da 6, suka ɗauki kofi a cikin Bronx.

Wanda ya fi kama da abin da yakan faru shi ne Akil Baddoo, mahaifinsa ɗan Ghana ne, shi ya sa 'yan zango suka bi labarinsa. Ranar 4 ga Afrilun 2021, a rigar Detroit, ƙwallon farko da aka jefa masa a babbar gasa ya fitar da ita waje. Ya yi shekara mai kyau. A Mayun 2022 bugu ya ƙi, aka mayar da shi ƙaramar gasa a Toledo, daga nan sai hawa da sauka. Kulob yana da ikon yi wa ɗan wasa haka na shekara uku ba tare da neman yardarsa ba. Shi ya sa 'yan wasa suke ƙirga kwanaki: 43 a babban jeri suna ba da haƙƙin ɗan fansho, cikakke kuwa sai shekara goma, kuma ƙalilan ne suke kaiwa.

Yanzu ga yadda mu muke tafiyar da abin a gidajenmu. Wasan unguwa na yara, daga Afrilu zuwa Yuni, ba shi da tsada, akwai ma shirin da babbar hukumar gasar take tallafawa don yaran cikin birni. Kusan kowa yana barin ɗansa ya yi, don yaron da yake fili da yamma ba ya bakin titi. Rigimar farko ita ce Asabar da Lahadi, ranakun Islamiyya ne a nan tunda sauran kwanakin na boko ne, wasanni kuma a ranakun ake sa su. Abin da aka fi yi shi ne a zaɓi ajin safe ko na yamma gwargwadon jadawali, a kuma gaya wa koci tun ranar rajista, ba ranar wasa ba. Haka batun salla da abinci: mafi yawan kociyoyi ba sa musu idan an yi musu bayani da wuri, kuma uwa takan haɗa wa yaro nasa abincin, don tsiren burodin da ake sayarwa a bakin fili ba a san naman da ke ciki ba. Shekarun da azumi ya faɗo a Yuni da Yuli, ana yin sama da awa 16 a New York, manyan yara sun sha wuya. Yanzu ya matso ƙarshen hunturu, kafin kakar wasa ta kankama. Abin da ya fi damun dattawa a yau caca ce: tun Janairun 2022 jihar New York ta halatta ta a waya, tallanta yana cikin kowane wasa da ake nunawa.

Rigima ta biyu kuɗi ne, kuma ita ce take yanke hukunci. Daga shekara 12 ko 13, yaron da yake son a gan shi sai ya shiga ƙungiyar da take yawon gasa jiha-jiha. Kuɗin shiga, mai, otal, sanda ta dala 300 ko 400 da zai fi ƙarfinta cikin shekara ɗaya, safa, da hayar ɗakin atisaye a hunturu, tunda daga Nuwamba zuwa Maris sanyi ba ya barin wasa a waje alhali yaran Florida da Texas da Kalifoniya suna yi duk shekara. Dubban daloli ne a shekara, a gidan direban tasi ko mai aikin jinya da yake aika kuɗi gida kowane wata. Ba mu kaɗai ba ne: baƙaƙen Amurka sun kai kusan kashi 18 cikin 100 na 'yan babbar gasa a 1991, a 2024 kuwa kusan kashi 6 ne, kuma tsada tana cikin dalilan da aka fi ambata. Don haka yawancin yaranmu suna komawa ƙwallon ƙafa ko ta kwando, inda takalmi da ƙwallo ɗaya suka wadatar. Gidan da ya ci gaba da besbol, idan masu hankali ne, jami'a suke hange, ba kwantiragi ba. Ko a nan ma sai an buɗe ido, don tallafin karatu na besbol gutsuttsura shi ake yi a tsakanin 'yan wasa, ba kasafai yaro yake samun cikakke ba, kuma ba a ba wanda makinsa na aji ya yi ƙasa. Shi ya sa doka a gidajen nan ɗaya ce: sakamakon makaranta ya faɗi, safa ta shiga kabad.

Saura abin da kuka yi hannunka mai sanda a kansa, wato ko za a kawo yaron nan mai gudu daga gida a gwada shi. Zaɓen da muka ambata na mazauna Amurka da Kanada da Puerto Rico ne. Na sauran ƙasashe kai tsaye kulob yake ɗaukarsu, daga shekara 16, ana buɗe ƙofa ranar 15 ga Janairu, bayan an yi musu rajista an binciki takardun haihuwa. Binciken da gaske ake yinsa, wanda aka kama ya rage shekaru dakatar da shi ake yi. Kusan duk kuɗin yana tafiya Dominika da Benezuwela, kuma kulob 30 ɗin kowanne yana da makarantar horo a Dominika. Daga Afirka, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ne ya fara kaiwa babbar gasa a Afrilun 2017, bayan kusan shekara tara a ƙananan gasa. Yuganda ce take tasowa, don an daɗe ana koyar da yara a can: ƙungiyarsu ta buga gasar yara ta duniya a Williamsport a 2012, Dodgers kuma sun ɗauki matasa biyu daga can a 2022. Yaron da ya kai 15 bai taɓa tsayawa gaban ƙwallo mai gudun kilomita 120 ba, takwarorinsa sun riga shi da shekara takwas na horon ido, kuma gudu ba ya cike wannan giɓin. Idan gudun ne baiwarsa, a sa masa agogo a mita 100 da 200 a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, a rubuta lokutan tare da sakamakon jarrabawarsa, ku turo mana. Jami'o'in nan suna ɗaukar 'yan tsere daga Najeriya, kuma su lambar da agogo ya nuna suke fara tambaya.